Ganuwar Katsina da Waɗanda ke Bayanta

Ni ɗan Batagarawa ne, don haka tun ina yaro daga waje nake kallon ganuwar Katsina. Mai shiga birni ta Ƙofar Ƙwaya da wanda aka haifa a cikinsa ba ido ɗaya suke duban wannan gini da shi ba, kuma da idon na waje zan auna shi.

Masu kirari suna ce mata ganuwar Amina, masu tarihi kuma suna jingina gininta ga Sarki Ali Murabus. Ko wane ne ya aza tubalinta, ya san aikinsa. An tara jar ƙasa mai kaurin gindi, tana sirancewa zuwa sama, ramin da aka haƙo ƙasar kuwa ya zama gwalalo a bayanta, wato aiki ɗaya ya haifi kariya biyu. Ƙofofin ƙuntatattu ne, yadda mahaya ba za su kutsa a jere ba. Abin da ya fi burge ni shi ne faɗinta. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya kimanta kewayenta da mil 13 zuwa 14, ya kuma tarar mafi yawan cikinta fili ne. Wannan fili ba ɓarna ba ne. Gona ce da makiyaya, domin birnin da aka yi wa zobe yunwa ce ke buɗe ƙofarsa kafin mashi.

To amma a nan ne aibinta yake. An tsara ta ne don yaƙin sarakuna, runduna ta zo ta yi sansani, a yi ta jira. Bayan jihadi, da Ummarun Dallaje ya hau gadon mulki, tsohon gidan sarauta ya koma arewa ya kafa Maraɗi, sai yaƙi ya sake kama. Mayaƙan su Ɗanbaskore ba su buƙatar hawa ganuwa. Su faɗa wa ƙauye da asuba, su kora shanu, su kama mutane, kafin ƙarar tambari ta kai fada sun shige daji. Birni yana nan daram, manomin da ke ciyar da shi kuwa ƙafarsa ce ganuwarsa.

Mutanen Malam Hamza da suka bar ƙasar Kano suka fake a duwatsun Ningi sun fahimci zamanin fiye da haka. Dutse ne katangarsu, doki ba ya hawansa da daɗi, daga can suke kai hari Kano da Zazzau da Bauchi shekara da shekaru. Faransa ma ta kashe dukiya kan shingen Maginot, a 1940 Jamus ta zagaye shi ta dajin Ardennes.

A 1903 Lugga ya shiga Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka ba tare da an yi yaƙi ba. Daga nan damina da masu ɗibar ƙasa suka ci gaba da cin ganuwar, aka sake gina ƙofofi da siminti, ana yi musu fenti ana ɗaukar hoto. Ba na ƙin a adana su. Ina dai jin nauyi idan na ga rubuce-rubucenmu sun tsaya kan tsayi da kauri, alhali a 'yan shekarun nan mutanen yankin Batsari da Jibiya da Safana sun sake ɗaukar tabarmi da yara suna nufo birni da dare, ta hanyoyin da kakanninsu suka bi.