Gudummawar Farfesa Graham Furniss ga Nazarin Adabin Hausa: Taƙaitaccen Tarke

Farfesa Graham Furniss, wanda ya yi ritaya daga Makarantar Nazarin Gabas da Afirka (SOAS) ta Jami'ar Landan, yana cikin manazartan da suka faɗaɗa fagen adabin Hausa. Wannan maƙala za ta auna gudummawarsa da kuma giɓin da ya bari.

Kundinsa na digiri na uku (1977) ya ginu ne a kan waƙoƙin Ƙungiyar Hikima ta Kano, wadda Alhaji Mudi Sipikin ya jagoranta. Shekara biyu kafin nan, Mervyn Hiskett ya wallafa tarihin waƙoƙin addini na Hausa, inda ya fi karkata ga malaman jihadi da magadansu. Shi kuwa Furniss ya juya ga mawaƙa rayayyu, ya duba yadda suke sarrafa yabo da zargi domin kafa ɗabi'un da suke son al'umma ta bi. A wurinsa, waƙa fage ce ta jayayya kan abin da ya dace da wanda bai dace ba.

Wannan ra'ayi ya bunƙasa a littafinsa Poetry, Prose and Popular Culture in Hausa (1996), wanda ya haɗa tatsuniya, karin magana, waƙar baka, rubutacciyar waƙa, ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo a zaure guda. Haka kuma, a lokacin da wasu masana suke yi wa littattafan soyayya laƙabin "adabin kasuwar Kano", shi tattara su ya yi. A 2004, tare da Malami Buba da William Burgess, ya fitar da jerin waɗanda aka buga tsakanin 1987 da 2002, domin sai an adana abu kafin a yanke masa hukunci.

Sai dai aikin bai rasa naƙasu ba. Faɗin littafin 1996 ya sa wasu sassa ba su sami zurfin da ya kamace su ba, kuma ya fito kafin finafinan Kano su kankama. Babban abin dubawa shi ne, da Ingilishi aka rubuta waɗannan nazarce-nazarce, alhali da yawa daga mawaƙa da marubutan da aka nazarta da Hausa suke karatu. Fassara su da yi musu tarke cikin Hausa nauyi ne da ya rataya a wuyan sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i.