Ciwon Baya da Tiramol: Sharhi Kan Rahoton Shan Ƙwaya na 2018

Abin da wannan takarda za ta duba shi ne rahoton binciken shan ƙwaya a Nijeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Janairu na 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Aiki ne da ya cancanci yabo, domin an zagaya gidaje 38,850 a faɗin ƙasar nan. Rahoton ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka sha wani nau'i na ƙwaya cikin shekara guda, kuma miliyan 4.6 daga cikinsu magungunan kashe zafi dangin ofiyom suka sha, watau irin su tiramol da kodin, ba bisa ƙa'idar likita ba.

A kan wannan ma'auni na ƙa'idar likita muke da ja. Dalili kuwa shi ne ya zuba mutane iri biyu a kwando ɗaya: mai neman maye, da mai neman sauƙin ciwo. Mu ɗauki misalin ɗan dako a Kasuwar Daji, ta ƙasar Ƙaura Namoda, wanda yake wuni yana loda buhunan gero da masara a manyan motoci. Idan ƙugunsa ya riƙe, me zai yi? Zuwa asibiti a Ƙaura ko Gusau na nufin kuɗin mota, da na kati, da na hoto in an ce ya yi, sa'an nan ga asarar aikin yini, wadda ita ce ta fi yi masa ciwo. Manomin ƙauyukan Zurmi ko Shinkafi kuwa, ga shi da ƙarin fargabar 'yan bindiga a hanya. Mai kemis yana nan kusa, ba ya tambayar takarda. A lissafin rahoton, wannan bawan Allah ɗan ƙwaya ne, alhali talauci da ciwo suka kai shi.

Gaskiya ne marubutan sun ba da shawarar a samar da maganin ciwo ga masu bukata. Amma alƙalumansu ba su auna tsadar jiyya ba, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin magani daga aljihun majiyyaci suke fita. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, sai dai wajabtawa a takarda daban, kai wa ɗan dako daban.

Kada a ɗauka muna kare tiramol ne. Binciken da aka yi a Ostireliya kan majiyyata 347, wanda mujallar Lancet ta buga a 2023, ya nuna cewa bayan mako shida masu sabon ciwon baya ko na wuya da aka ba maganin dangin ofiyom ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba. A Disambar shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa amfani da su ga daɗaɗɗen ciwon baya. Bugu da ƙari, jiki yana sabawa. Wanda ya fara da miligiram 50 ko 100, adadin da NAFDAC ta amince da shi, a hankali sai ya koma mai 225 na fasa-ƙwauri, wanda kan jawo farfaɗiya. Kuɗin da ya gudu kada ya kashe a asibiti sau ɗaya, sai ya riƙa miƙa su ga mai kemis kowace safiya, kuma ƙugun bai warke ba.

Saboda haka muna ganin duk binciken da za a sake yi ya kamata ya ware masu ciwo daga masu neman maye, ya tambayi sana'ar mutum, da abin da ya sa ya fara sha, da nawa yake kashewa a mako, a kwatanta da kuɗin zuwa asibiti mafi kusa da shi.