Kazar gida ma ta cancanci keji da littafi

Kiwon kaji na sha'awa ya kama matasa a Maiduguri, kuma yana gangarowa garuruwan Jere irin su Zabarmari. Saurayi zai tara kuɗi ya sayi Brahma biyu, zakara da kaza, ya haɗa musu keji na waya, ya ɗauki hoto ya sa a WhatsApp. Wani Silkie yake nema, wani kuma duk abin da aka ce daga waje ya zo. Tambayar da ke bakinsu ɗaya ce: jininta tsantsa ne ko an gauraya? Ina murna da wannan sha'awa, domin ta koya wa yaranmu abin da ba mu saba ba, wato ware iri, rubuta ranar ƙyanƙyasa da sanin uwa da uban kowane ɗan tsako. Abin da ke damuna shi ne duk wannan ƙwarewa ana kashe ta ne a kan kajin da ba sa bukatar cetonmu, alhali wadda ke bukata tana yawo a tsakar gida babu mai kallonta.

Brahma ba ta cikin haɗarin ɓacewa. A Amurka aka daidaita irinta a tsakiyar ƙarni na 19, daga manyan kajin da aka kawo daga ƙasar Sin, kuma ta yi suna a Ingila bayan George Burnham ya aika wa Sarauniya Victoria guda tara a 1852. Da kajin kamfani suka mamaye kasuwa a can, masu kiwon sha'awa ne suka riƙe tsofaffin irin kakanninsu, har aka kafa Rare Breeds Survival Trust a Birtaniya a 1973 domin kada irin dabbobin gargajiya su shuɗe. Nasu na gado suka tsare. Mu kuma mun ɗauko kazar, mun bar darasin. Ga ta da gashi har ƙafa, an yi ta don ƙasar sanyi, mun kawo ta inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, tana haki baki buɗe, mai ita yana neman fanka da ƙanƙara.

Namu na gado yana nan, kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai kajin Fulani masu tsayi da nauyi, akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai mai gashi a murɗe, akwai wadda wuyanta ba gashi. Wannan ta ƙarshe wasu na ƙyamarta suna zaton ciwo ne, alhali halitta ce da ake gado, kuma ƙarancin gashin yana taimaka mata jure zafi.

Ku dubi kazar gida a Zabarmari bayan an sheƙe shinkafa. Tana tone ɓuntu a bakin masussuka, tana kiran 'yan tsakinta duk lokacin da ta ci karo da tsaki ko gara. Inuwar shirwa na giftawa za ta yi ƙara ɗaya, 'ya'yan su ɓace ƙarƙashin rumbu. Ta kwanta a kan ƙwanta kwana 21 ba wuta ba inji, kuma idan uwar gida ta sa mata ƙwan zabi, sai ta ƙara kusan mako guda ta ƙyanƙyashe su, ta yi renonsu. Gaskiya ne ƙwan da take yi a shekara bai cika wuce 40 zuwa 60 ba, kuma girmanta a hankali yake. Amma abincinta ba ya cin jari, kuma ita ce kuɗin magani da na makaranta a hannun mata da yawa. Brahma da ke cikin keji ba za ta iya wannan rayuwa ba.

Hanyar da muke rasa ta ba ta da hayaniya. Idan Sallah ta zo, ko baƙo ya sauka, ko bukatar kuɗi ta taso, zakaran da ya fi girma shi ake kamawa. Wanda ya rage yana barbarar kajin unguwa shi ne ƙanƙanen da ba a samu mai saye ba. A yi haka shekara da shekaru, sai iri ya tsumbure, mu kuma mu ce dama kazar Hausa ba ta girma. Sai kuma gauraye: a saki zakaran kamfani ɗaya, irin su Noiler, a unguwa, 'ya'yan farko su fito manya kowa ya yaba, amma jikoki su fito barkatai, wasu sun daina kwanci sam. A Borno akwai ƙarin dalili. Shekarun gudun hijira sun raba dubban gidaje da dabbobinsu, kuma Zabarmari ta san wannan masifa fiye da yadda za a faɗa, tun kafin kisan manoman shinkafa a Koshobe ranar 28 ga Nuwamba 2020. Ambaliyar da ta biyo bayan fashewar madatsar Alau a Satumba 2024 ta shafe kiwo mai yawa a Maiduguri da Jere. Wanda ya rasa kajinsa yakan sake farawa da abin da ya samu a kasuwa ko aka ba shi tallafi, kuma galibi ba irin da ya rasa ba ne.

Ba na adawa da ingantattun kaji. Shika Brown da cibiyar NAPRI ta Jami'ar Ahmadu Bello ta samar a Zariya, da FUNAAB Alpha ta Abeokuta da aka yi wa rajista a 2018, da Noiler ta kamfanin Amo, duk suna da amfani ga mai neman ƙwai da nama da sauri. Sai dai ita FUNAAB Alpha, Farfesa Olufunmilayo Adebambo da kajin gida ta fara aikinta. In tushen ya gurɓace, mai bincike na gobe ba shi da inda zai fara.

Shi ya sa nake son mai keji uku ya ba kazar gida ɗaya. Kada ya nemo ta a hannun dillali, domin dillali bai san uwarta ba. Ya je gidan dattijuwar da ta daɗe tana kiwo, ya gaishe ta, ya tambaya: Inna, wace ce ta fi riƙe 'ya'ya, wace ce ta tsira da annobar hunturun bara? Amsar wannan tambaya ta fi duk takardar da mai sayar da Brahma zai nuna. Ya ware sabuwar kazar mako biyu kafin ya haɗa ta da sauran. Ya yi rigakafin cutar Newcastle kafin iskar hunturu ta kaɗa, tun da ita ce ke share akurki, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin maganin rigakafin. Ya ajiye zakara mafi kyau ya yanka na biyu. Bayan shekara ya yi musayar zakara da abokin kiwo na wani gari, don kada uba ya riƙa hawa 'ya'yansa. Ya kuma bar wasu kajin su yi kwanci da kansu, domin wanda ya dogara da injin ƙyanƙyasa kaɗai ba zai taɓa gane wace ce uwa ta gari ba.

Kuma idan ya samu sagarar da ta yi masa, ya biya Inna kuɗin iri, ba kuɗin miya ba. Shekarun da ta yi tana zaɓe da ido ne yake saye, kuma ranar da ta ga zakaranta mai kyau ya fi tsada a raye, ba za ta ƙara kai shi kasuwar Sallah ba.