Zinaren da aka ci a sume

A watan Agusta na 2021, a zauren Nippon Budokan da ke Tokyo, Tareg Hamedi na Saudiyya ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri a kai a wasan ƙarshe na karate a gasar Olamfik. Ba'iraniyen ya faɗi sumamme. Alƙalai suka ce bugun ya wuce ƙa'ida, aka ba wanda ya suma zinare. Duniya ta yi ta dariya.

Ni dai ban yi ba. A duk abin da aka yi a zauren nan, hukuncin ne kaɗai nake jin Gichin Funakoshi, tsohon malamin karate, zai gyaɗa wa kai.

Malamin makaranta ne daga Okinawa, an haife shi a 1868. Da dare yake zuwa gidan malaminsa Anko Asato, a tsakar gida, ga fitila ɗaya, ya yi ta maimaita kata guda, wato jerin motsin da mutum ke yi shi kaɗai ba abokin karawa, wata da watanni kafin a ƙara masa wani. Da ya je Tokyo a 1922 don nuna wannan fasaha, shara da gadi ya riƙa yi a ɗakin kwanan ɗaliban Okinawa don ya samu na abinci, alhali ya haura hamsin. Abin da ya fi nanata wa almajiransa shi ne mai karate ba ya fara kai hari, kuma dole ya iya tsayar da hannunsa. Gasa ba ta taɓa kwanta masa a rai ba. Ya rasu a Afrilun 1957, watanni kaɗan bayan haka ƙungiyar almajiransa ta shirya gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya. Kamar dai jira ake yi tsoho ya kau.

Abin da ke damuna yanzu shi ne yaron da ake koya wa tsalle-tsalle da taɓa-ka-gudu tun makon farko, don maki kawai. Kata kuwa ta koma rawar burge alƙalai, da huci da zare ido. A shekara biyu an ɗaura masa baƙar ɗamara, ko tsayuwa bai iya ba. (A yi adalci, shi kansa tsohon ne ya aro ɗamarar daga judo.)

Duk wannan lanƙwasawa don a shiga Olamfik aka yi ta, aka kuwa shiga sau ɗaya. A Paris a 2024 babu karate.