Ƙara Daban, Daɗin Sauti Daban

Makon jiya wani ɗan'uwa a layinmu nan Agege ya kira ni in ga kayan sautin da ya ɗauko daga kasuwar Alaba. Sifika biyar ne ƙanana da wata ƙatuwa ta bas, fitilu sai walƙiya suke, a jikin kwali an rubuta wat 5000. Ya ce, "Malam, zauna ka ji Shata." Na zauna. Wallahi taga na ji tana kakkarwa, Shata kuwa ban ji shi ba. Kalangu ya koma kamar ana dukan durom, muryar 'yan amshi ta nutse can ƙasa. Ban faɗa masa a gaban iyalinsa ba, amma an sayar masa da ƙara ne kawai.

Mu fara da lambar nan. In ka duba da kyau za ka ga PMPO a gefenta, lissafin 'yan talla ne. Wadda za ka tambaya ita ce RMS, ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai. Amfilifaya mai wat 30 ko 40 a kowane ɓangare ta ishi ɗaki da falo, har ta yi yawa. Ni ɗan kasuwa ne, na san yadda ake yi wa kaya kwalliya, amma wannan ta wuce kwalliya.

Babban aibin irin wannan saiti shi ne don fim aka yi shi. Waƙoƙinmu kuwa a murya suke. Marigayi Shata, da ya rasu a 1999, maganarsa ake bi, kalangu ma magana yake yi. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna. In bas ta danne tsakiyar sauti, me ya rage? Sifika biyu masu kyau, na katako mai nauyi, a raba su hagu da dama daidai kunnen wanda ke zaune, sun fi biyar ɗin nan nesa ba kusa ba. A nan ya kamata mafi yawan kuɗin ya tafi. Ka duba bayansu kuma: in an rubuta ohm 4 alhali amfilifayarka 8 take so, za ta riƙa zafi.

Sai garmaho. Wasunmu na da fayafayan da iyaye suka bari, masu gudu 33 da 45, kuma ba a samun madadinsu. Ƙananan garmahon roba masu kama da jaka suna danna allura da nauyi, a hankali su cinye faifai. Gara tsohon Technics ko Pioneer na tokunbo, a sa masa sabuwar allura. Ka tabbata amfilifayar tana da wurin da aka rubuta Phono, in ba haka ba sauti zai fito siriri kamar daga rijiya. Siririyar wayar nan ta bayansa ma a ɗaure ta, ita ke kashe gurnani. Kayan da aka yi don Amurka wutar 120 suke sha, na Japan 100, tamu 230 ce. Na taɓa ƙona guda a dare ɗaya saboda mai shagon bai gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba.

In za ka saya, tafi da faifanka ko waƙar da ka haddace, ka ce a rage ƙara ƙasa sosai. Wanda ya fito da kalmomi tar a haka, shi ne kayan. Dama gidajenmu ɗaki na kallon ɗaki ne, bango ɗaya ya raba ka da mai jinya ko mai tashi asuba zuwa kasuwar Mile 12. Ɗan'uwan nan sau biyu maƙwabta suka kawo mini ƙararsa bayan sallar isha'i, kuma mai shagon ya ce kayan da aka buɗe ba ya dawowa.