Ƙagaggun Labaran da Suka Cancanci Kantar Ɗakin Karatu a Dakoro

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da sabon kundin mulkin Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci a matsayin harshen aiki, tambayar da ke gaban mai kula da ɗakin karatu a gari irin Dakoro na jihar Maraɗi ta ƙara nauyi: wane ƙagaggen labari, wato dogon labarin da marubuci ya ƙirƙira a zube ba a waƙe ba, zai miƙa wa ɗalibin da ya shigo neman abin karantawa? Al'adar da aka saba da ita ita ce a jera masa littattafan Faransanci na manhaja, in kuwa an waiwayi na Hausa sai a tsaya kan waɗanda gasar Hukumar Fassara ta Zariya ta 1933 ta haifar, irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, a kau da kai daga abin da ya biyo baya. Wannan zaɓi ya yi ƙunci ƙwarai.

Abin da aka fi rainawa shi ne adabin kasuwar Kano, wato littattafan da marubuta suka riƙa bugawa da kuɗinsu tun daga shekarun 1980, ana sayar da su a kasuwa, waɗanda masu suka suka haɗa su duka suka laƙaba musu sunan littattafan soyayya. Gaskiya ne akwai masu rauni da yawa a cikinsu, masu kurakuran rubutu da maimaita jigo, amma aikin mai kula da ɗakin karatu shi ne ya sheƙe ya fitar da tsaba daga ƙaiƙayi. Wanda ya yi wannan aiki zai ci karo da Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana ƙarama. Littafinta Wa Zai Auri Jahila? yana bin rayuwar Abu, yarinyar da aka raba da karatu aka ɗaura mata aure da dattijo, ta gudu, ta koma neman ilimi har ta tsaya da ƙafarta. Shi kuwa Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a Indiya a 2012, yana nuna yadda Rabi ta riƙe ƴaƴanta da sana'ar abinci bayan mijinta ya kore ta saboda amarya. A jihar Maraɗi, inda aurar da ƴan mata da wuri ya yawaita fiye da galibin yankunan ƙasar, ɗaliba daga Kornaka ko Birnin Lalle ba ta bukatar wanda zai fassara mata halin da Abu ta shiga, kuma abin takaici ne littafi irin Alhaki Kuykuyo Ne, da mai karatu a Indiya ya samu, ya gagari yarinyar da aka rubuta shi da harshenta.

Wannan ba ya nufin a ture tsofaffin littattafai. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, labarin yaron da aka sace aka ƙetara da shi hamada da kuma uwar da ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, ya dace da garin da ke bakin yankin makiyaya, inda Hausawa da Fulani da Buzaye suke zaune tare, kuma hanyoyin arewa ba baƙin abu ba ne.

Daga cikin na Faransanci, marubutan Nijar ne suka cancanci gaban kanta. Abboki na Mahamadou Halilou Sabbo, na 1978, yana magana kan samarin da ke barin ƙauye su nufi biranen bakin teku neman kuɗi, al'amarin da kusan kowane gida ya sani da sunan tafiya biɗa. Sarraounia na Abdoulaye Mamani, na 1980, wanda Med Hondo ya mayar fim a 1986, yana ba da labarin turjiyar Sarauniya Mangu ta Lugu ga rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a 1899, kuma yana da kyau mai karatu ya san cewa ƙarshen waɗannan hafsoshi biyu ya zo ne a Maijirgi, kusa da Tasawa, cikin jiharsa.

Matsalar da ta rage ita ce ta samun littattafan, domin na kasuwar Kano takardarsu ba ta jure hannu da yawa, kuma matasa da dama sun koma karanta labarai a WhatsApp ko sauraron su a waya. Duk da haka ƴan kasuwar Maraɗi ba su daina zirga-zirga zuwa Katsina da Kano ba, kuma makarantar da ta ware kuɗi kaɗan ta sayo kofe biyu ko uku na kowane littafi, ta sa aka ɗinke su da bango mai kauri, za ta iya ba da aronsu shekara da shekaru.