Abin Taunar Karnuka: Hatimin Ya Ce Yana Goge Haƙori, Bai Ce Ba Ya Maƙalewa Ba

A watan Fabrairun 2006 tashar CNN ta Amurka ta fitar da wani rahoto da ya tayar da hankalin masu karnuka a ƙasar. Rahoton ya ce aƙalla karnuka 13 sun mutu bayan sun ci Greenies, wani koren abin tauna mai siffar buroshin goge baki, wanda a lokacin shi ne kan gaba a kasuwa. An yi shi ne don kare ya gwaguya, haƙoransa su fita, warin bakinsa ya ragu. Sai ga likitocin dabbobi suna ciro gutsattsarinsa daga bututun abinci da hanjin karnuka, suna nan da ƙarfinsu, ba su narke ba.

Tun daga lokacin ake jayayya. Wasu na cewa irin waɗannan kayan tauna tarko ne, wasu na cewa surutu ne kawai na kafafen yaɗa labarai. Ni dai a ganina kowane ɓangare ya ɗauko lambar da ta yi masa daɗi ne ya ajiye wadda ba ta yi masa ba. Kuma ko ba ka da kare, mai karatu, ka ɗan tsaya, domin irin wannan wasa da lambobi za ka sake haɗuwa da shi a maganar magani da abinci da rigakafi.

Bari mu fara da abin da ya sa aka ƙirƙiro kayan. Sa'o'i kaɗan bayan an goge haƙori, ƙwayoyin bakteriya sukan sake shimfiɗa wata dauɗa mai yauƙi a kansa. Idan aka bar ta kwanaki, sinadaran da ke cikin yawu sai su daskarar da ita ta koma kamar dutse. Daga nan dasashi ya kumbura, cuta ta gangara ƙasa ta fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Wannan na cikin cututtukan da likitocin dabbobi suka fi gani a karnuka, musamman ƙanana. Maganinsa mafi inganci shi ne goge haƙora kullum da buroshi. To amma mutum nawa ne zai zauna kowace rana ya buɗe bakin kare yana gogewa? Shi ya sa aka ce bari a ba karen abin da zai goge da kansa. Dabarar kusan irin ta asuwaki ce: guga ce ke aikin.

Ga inda gizo ke saƙar. Kafin abin tauna ya kankare dauɗa, sai ya kasance da ɗan tauri, ya jure haƙori na wasu mintoci. Kafin kuma ya zama marar haɗari, sai ya zama yana narkewa da wuri idan an haɗiye shi. Waɗannan buƙatu biyu jan juna suke yi. Sannan kare ba ya tauna irin tamu. Muƙamuƙinsa ba ya niƙa gefe da gefe. Haƙoransa na baya kamar almakashi suke, su yanka, shi kuma ya haɗiye. Wani karen zai kwanta ya yi ta gwaguya a hankali, wani kuwa gatsa biyu zai yi ya zurma rabin abin gaba ɗaya.

Kamfanin S&M NuTec, wanda a lokacin yake yin Greenies a jihar Misuri, ya kāre kansa da cewa ya sayar da ɗaruruwan miliyoyi, kuma matsala ba ta tasowa sai an ba kare girman da bai dace da shi ba, ko an bar shi yana haɗiya babu mai lura. In ka raba 13 da ɗaruruwan miliyoyi, ai kusan sifili za ka samu. Hujjar tana da daɗin ji, amma ramuka biyu gare ta. Na farko, abin da ya kamata a ƙirga karnuka ne, ba guda-gudan abin tauna ba. Karen da ake ba ɗaya kullum yana cin 365 a shekara, don haka adadin karnukan da ke cikin haɗarin ya yi ƙasa ƙwarai da adadin da aka sayar. Na biyu, 13 ɗin nan waɗanda 'yan jarida suka iya ganowa ne. Karen da ya mutu a gida aka binne shi ba tare da an buɗe cikinsa ba, ba ya shiga lissafin kowa. Wato an kumbura lambar ƙasa, ta sama kuma ba ta cika ba.

Akwai kuma wani abu a wannan hujja da ba ya kwanta mini. Cewa "laifin mai kare ne da bai lura ba" tamkar amincewa ce cewa kayan ba su da lafiya sai a hannun mutumin da ba ya kuskure. Alhali wanda ya sayi abin tauna, sau da yawa don ya huta ya saya, ya miƙa wa kare ya koma harkarsa. Kayan da za a sayar wa miliyoyin mutane, a kan yadda mutane suke amfani da su a zahiri ya kamata a auna su.

Yanzu ɓangaren masu suka. Abin da suka fi ɗagawa shi ne wani bincike da Michael Leib da Laura Sartor suka wallafa a 2008 a mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka. Sun tattara bayanan karnuka 31 da abin taunar ya toshe wa bututun abinci tsakanin 2000 da 2006. Takwas daga ciki sun mutu, wato kusan kashi 26 cikin ɗari. Za ka ga ana yawo da wannan lamba a intanet kamar ana nufin ɗaya cikin kowane kare huɗu da ya ci zai mutu. Ba haka ba ne fa. Binciken ya fara ne da karnukan da abin ya riga ya maƙale musu, har aka kai su wurin ƙwararru. Kamar ka je sashen haɗurra na asibiti ne ka ƙirga waɗanda suka karye, sannan ka ce ka gano haɗarin hawa babur. Ka gano munin haɗarin in ya faru, amma ba ka gano sau nawa yake faruwa ba.

Wannan ba ya nufin binciken ba shi da amfani. Amfaninsa ma ya fi abin da ake ɗauka daga cikinsa. Ya nuna cewa mafi yawan karnukan ƙanana ne, kuma gutsuren ya fi tsayawa a can ƙarshen bututun, dab da shiga ciki. Ya nuna cewa ciro shi ta baki da na'urar leƙa ciki yana da wuya, kuma wasu daga cikin waɗanda suka tsira bututun nasu ya tsuke daga baya saboda tabo. Dalili kuwa, abin da ya tsaya yana danne bangon bututun, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa, wani lokaci har ya huje. Da muhawarar ta tsaya a kan wane kare, wane girma, wane irin haɗi, da ta fi amfani da "mai kyau ne ko marar kyau".

A shekarar 2006 ɗin dai kamfanin Mars ya sayi Greenies, aka kuma sauya haɗin ya zama mai lanƙwasuwa da saurin narkewa. Don haka wanda ke kawo hotunan 2005 don ya tsorata ka a yau, yana magana ne a kan kayan da aka riga aka canza. Amma ka lura da abin da sauyin ke faɗa: in da gaske matsalar ta masu karnuka ce kaɗai, me ya kawo canza haɗi?

Sai maganar hatimi, wadda ita ce ta fi damuna. A jikin leda za ka ga tambarin VOHC, wata majalisar kula da lafiyar bakin dabbobi da aka kafa a Amurka a 1997. Mutane na ganinsa su ce shi ke nan, an gwada, babu matsala. Abin da hatimin ke tabbatarwa shi ne kayan sun rage dauɗa ko daskararriyar dauɗa da kimanin kashi 20 cikin ɗari, a gwaji biyu da kowanne ya kai aƙalla kwana 28. Kamfani ne ke kawo sakamakon, majalisar ta duba. Hatimi ne mai daraja, ya fi alkawarin baka da ke cike da kasuwa. Sai dai gwajin wata guda a kan karnuka 'yan ƙalilan ba zai taɓa kama abin da ke faruwa jefi-jefi ba. Ita kanta majalisar tana gargaɗi a kan maƙalewa, tana cewa a zaɓi girman da ya dace kuma a sa ido. Kashi 20 ɗin ma a saman haƙori aka auna shi, cutar kuwa a ƙarƙashin dasashi take ɓarna. Hukumar FDA kuma ba ta tantance irin waɗannan kayan ɗaya bayan ɗaya kafin su shiga kasuwa; ƙorafi take karɓa bayan sun shiga.

Wasu da suka tsorata sai su ce to a koma wa ƙashi, ai shi kare ya gada. Nan ma a yi hattara. A 2017 FDA ta ce ta karɓi rahotanni 68 a kan ƙasusuwan da ake sarrafawa a sayar a leda, tsakanin 2010 da 2017. Karnuka kusan 90 abin ya shafa, 15 suka mutu. Ƙashi da ƙaho da kofato suna fasa babban haƙorin yanka na sama, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya yi tsini. A wajenmu wannan ya fi kusa da mu, tunda karen gadi da na farauta ragowar ƙashin miya suka fi samu, ba koren buroshi daga kanti ba. Likitocin haƙoran dabbobi suna da wata 'yar dabara: danna abin da farcenka, in bai lotsa ba, ya fi ƙarfin haƙorin kare. Kuma kada ka ce za ka goge masa da man goge bakinka. Wasu na ɗauke da sinadarin zailitol, wanda guba ne ga kare.

In kana ba karenka abin tauna, ka kalli yadda yake ci a karon farko. Mai zurmawa ba nasa ba ne, ko me aka rubuta a leda. In kuwa bayan ya ci ka ga yana dalalar da yawu, yana ta haɗiya babu komai a baki, ko yana dawo da abinci da zarar ya ci, kada ka bari sai gobe. Ka tafi da ledar wurin likitan dabbobi, ka faɗa masa abin da karen ya haɗiye da lokacin, domin irin wannan gutsure ba ya fitowa sarai a hoton eksire yadda ƙashi ke fitowa.